Zauren Allura da Zare: Tsohon Kayan Surfani da Rigunan Yara na Gado

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan wata sun karkata wuri guda, wato tsofaffin kayan surfani da ake tsinta a akwatunan iyaye ko a dilar gwanjo, da kuma ɗinka wa yara tufar da ake fatan ƙannensu da 'ya'yansu su gada. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita tambayoyin, kuma kamar yadda muka saba ban sa sunan kowa ba.

Daga wata 'yar'uwa a Garwa: Hajiya, Allah ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa bayan Sallar Layya. Da muka buɗe akwatinta na ƙarfe, sai muka tarar da gwangwanin biskit cike da zaren surfani kala-kala, yawancinsu da takardar DMC a jiki, da zoben katako biyu na ɗaure ƙyalle, da wasu siraran takardu masu zanen furanni, da rigar matashin kai da ta fara yi wa aiki ba ta gama ba, allurar ma tana soke a jiki. Ni kaɗai ce na iya ɗinki a cikinmu. Shin zaren nan zai yi amfani, ko ya riga ya mutu? Kuma yaya zan gane shekarunsa?

Amsa: Allah ya jiƙanta da rahama, ya sa Aljanna ce makomarta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Kafin mu taɓa zare, 'yata, akwai maganar da ta riga shi. Abin da mamaci ya bari, ko da allura ɗaya ce, hakkin magada ne baki ɗaya, kuma iya ɗinkinki bai mayar da gwangwanin nan naki ba. Ki tara 'yan'uwanki ki nuna masu, ki roƙi su bar maki ko a lissafa shi cikin rabonki. Na san yawancin 'yan'uwa za su ce ki ɗauka ba tare da dogon zance ba, amma tambayar ce take sa ki yi ɗinkin da zuciya ɗaya.

Abu na gaba da za ki yi a yau ɗin nan shi ne ki zare allurar nan daga jikin ƙyallen. Allurar da ta shekara a soke tana barin ɗigo biyu masu ruwan ƙasa, ɗaya inda ta shiga, ɗaya inda ta fito, kuma tsatsa ba tabo kawai take yi ba, cin zaren yadin take yi har wurin ya huje. Idan allurar ta manne, ki murza ta a hankali tsakanin yatsu kafin ki ja. Idan ƙyallen farin auduga ne, ki ɗiga ruwan lemun tsami da ɗan gishiri a kan tabon kaɗai, ki sa a rana na ɗan lokaci, sannan ki ɗauraye sosai. Kada ki kusantar da ruwan jabel, wato bilicin da ake farar da kaya da shi, domin ƙara kama tsatsa yake yi.

Zaren da kika tsinta na kamfani ne mai dogon tarihi. Haruffan DMC taƙaitawa ce ta Dollfus-Mieg et Compagnie, wanda asalinsa ya koma shekarar 1746 a garin Mulhouse da ke gabashin Faransa ta yau, inda aka fara da buga zane a jikin yadi kafin daga baya a koma ga zare. Sheƙin da kike gani a jikinsa ba siliki ba ne. Auduga ce da aka jiƙa a ruwan soda mai ƙarfi, irin wadda masu haɗa sabulu ke amfani da ita, dabarar da wani Bature ɗan Ingila mai suna John Mercer ya gano a 1844, wadda take ƙara wa auduga ƙarfi kuma take sa ta sha rini sosai. Kowane ƙulli mita 8 ne, kuma sili shida ne aka haɗa, ana raba su gwargwadon kaurin aikin da ake so. Lambar da ke jikin takardar ita ce sunan launin: 310 baƙi ne, 321 ja ne, kuma har gobe idan kika ba mai shago lamba, launin da zai miƙo maki ke nan, ko da yake tsohon ƙulli da sabo ba lallai su zama tamkar an tsaga kara ba. Idan kin ga wasu masu hoton ƙugiyar jirgin ruwa, waɗannan Anchor ne na kamfanin Coats, wanda asalinsa garin Paisley ne a Sikotilan, kuma lambobinsu daban suke.

Game da shekaru, takarda ta fi zare faɗin gaskiya, saboda haka kada ki yar da ko ɗaya. Takardar da ke da jerin layukan nan baƙaƙe da na'urar kanti ke karantawa ba tsohuwa ba ce can, domin sai wajen shekarun 1980 layukan suka bazu a jikin kaya. Idan kin ga farashi da sule da kwabo, to kayan ya ratso ta Najeriya, watakila ta Yola ko Mubi, kafin 1973 lokacin da aka koma naira, ko kuma ya fito Ingila kafin 1971 lokacin da su ma suka bar sule. Abin da aka rubuta wa Jamus ta Yamma an yi shi kafin 1990, wanda kuma ke da farashi da faran na Faransa ya riga 2002. Waɗannan ba za su ba ki ranar da mahaifiyarku ta saya ba, amma za su sa ki a hanya, sauran kuma ki tambayi ƙawayenta da ƙannenta tun suna raye.

Zaren auduga da aka ɓoye wa rana da danshi yana iya yin shekaru da yawa bai mutu ba, sai dai ba a yarda da shi sai an gwada. Ki zare sili ɗaya mai tsawon kamu, ki naɗe a yatsunki biyu ki fizga. Lafiyayye zai ƙi tsinkewa har sai ya ɗan shiga fata, wanda ya mutu kuwa zai rabu ba tare da wata gardama ba, wani lokaci har da ɗan gari. Daga nan ki ture takardar gefe ki kwatanta launin da ke ƙarƙashinta da na waje, domin idan na waje ya koɗe, aikinki zai fito da dabbare-dabbare. Gwaji na uku shi ne wanda nake roƙon kowa kada ya tsallake: ki yanki ɗan guntu, ki jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu, ki matse shi cikin farin ƙyalle ki bar shi ya bushe. Ja da shuɗi mai duhu da baƙi su ne suka fi zuba, musamman waɗanda ba su da takarda a jiki. Wanda ya zuba kada ya hau farar rigar yaro.

Siraran takardun nan masu zanen furanni, da dutsen guga ake manna su a jikin yadi, tawadar ta narke ta bar zanen. Bayan shekaru masu yawa tawadar takan bushe, kuma ko ta kama, yawanci sau ɗaya kawai takardar take aiki. Na fi so ki ɗauki hotonsu da waya, ki ɗora wata takarda a kai ki kwafi zanen a jikin gilashin taga da rana, ki adana na asalin a tsakiyar littafi. Rigar matashin kai kuma, ra'ayina shi ne ki ƙarasa ta da zaren da ta bari, ba tare da kin warware ko ɗinki ɗaya nata ba, ko da kin ga inda hannunta ya karkace. Duk wanda ya san hannunta zai gane inda ta tsaya da inda kika ɗora.

Daga wata kaka a Marwa: 'Yata ta fari tana da ciki wata shida. Ina so in ɗinka rigar suna da hannuna, wadda za a ajiye ƙannen jaririn su sa, har ma 'ya'yansa idan Allah ya so. Wane yadi zan saya, kuma wane irin ɗinki ne yake jure shekaru?

Amsa: Allah ya sauke ta lafiya, Hajiya, ya raya abin da za a samu. Kin yi daidai da kika fara tunani tun yanzu, domin kwana bakwai da ke tsakanin haihuwa da suna ba sa isar aikin hannu, ga kuma hidimar mai jego. Idan gidanku na cikin waɗanda ba sa son a baje kayan jariri kafin ya iso, ki yi abinki a ɗaki ki ninke ki ajiye.

Yadi shi ne rabin aikin. Ki nemi farin yadi na auduga zalla, marar nauyi, mai saƙa a matse, irin wanda masu kanti da littattafan ɗinki na Faransanci ke kira batis. Abin yana damuna ƙwarai cewa muna zaune a ƙasar auduga, ga kamfanin auduga na SODECOTON da aka kafa a 1974 yana da hedikwata a Garwa, ga takwaransa na Cadi, Cotontchad, a Mundu tun 1971, amma mace za ta zaga rumfuna da yawa kafin ta sami farin yadin da ba a gauraya shi da roba ba. Mai rumfa ma sau da yawa bai san abin da ke cikin bandir ɗinsa ba, don haka ki roƙe shi 'yan zarurruka daga bakin yadin ki kyasta masu ashana a waje. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Siliki da ulu suna warin ƙonannen gashi. Roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta zama ɗan baƙin dutse mai tauri. Yadin roba yana riƙe zufa a jikin jariri, kuma kin san zafin Marwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da yake wuce digiri 40. Da kin kawo yadin gida ki wanke shi ki goge kafin almakashi ya taɓa shi, domin ya gama tsukewar da zai yi.

Haɗin gefe, ki yi shi da ɗinkin da ke ɓoye bakin yadi a ciki. Za ki haɗa ƙyallayen biyu fuskarsu tana waje, ki ɗinke kusa da baki kamar rabin santimita, ki rage bakin da almakashi, ki juya, ki goge, sannan ki sake ɗinkewa ta ciki yadda ɗanyen bakin zai shige tsakiya ya kulle. Turawan Ingila suna kiran wannan ɗinkin Faransa, Faransawa kuma suna kiransa ɗinkin Ingila. Amfaninsa biyu ne: babu zaren da zai zazzago a wanki, kuma babu abin da zai goge fatar jariri.

Don ƙirjin rigar, babu abin da na fi so kamar ɗinkin tattara, wanda wani nau'insa Faransawa ke kira saƙar zuma saboda kamanninsa. Manoman Ingila ne suka shahara da shi a rigunansu na aiki, tun kafin a san robar ɗinki, domin yana sa yadi ya buɗe ya koma da kansa. Za ki yanki faɗin da ya ninka ƙirjin yaron sau uku, ki ɗiga alamomi da fensir a bayan yadin a jere, tsakanin ɗigo da ɗigo rabin santimita, tsakanin layi da layi santimita ɗaya. Ki bi kowane layi da zaren wucin gadi kina ɗaukar ɗigon kaɗai, sannan ki ja zarurrukan tare har yadin ya tattaru ya yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. A kan waɗannan kunyoyin za ki yi surfanin da sili uku, kina ɗaukar saman kowace kunya kawai, ba ki matse hannu ba. Idan kin gama sai ki zare na wucin gadin. Rigar da aka yi wa wannan aiki tana shiga jaririn sati ɗaya, tana kuma shiga na wata huɗu, kuma ba ta da robar da zafi zai kashe bayan shekara biyu. Idan ba ki taɓa yi ba, ki fara gwadawa a tsohon ƙyalle, domin layin farko yakan ba kowa wuya.

Ki bar kalmasa mai faɗi a ƙasa, ki kuma yi 'yan ninki biyu ko uku a samanta, waɗanda suke ado a yau, gobe kuma a warware su idan an sami jariri dogo. Tsagar wuya ta kasance a baya, mai faɗi. Kada ki sa duwatsu ko ƙananan maɓallai da yaro zai iya cirewa ya kai baki, kuma kada ki zura igiya a wuya. Bayan aikin ki yi masa shafi da ƙyalle mai laushi. A cikin kalmasar, inda ido ba ya kaiwa, ki ɗinka sunan jaririn da shekarar haihuwarsa da farin zare bayan an raɗa suna, ki bar fili don waɗanda za su biyo.

Tun da kin ce rigar sawa kike so ba ta kallo ba, na tuna da abin da ya zo a Sahihul Buhari, cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasu tufafi, a cikinsu akwai wata ƙaramar baƙar tufa mai ado kore ko rawaya. Ya sa aka ɗauko masa wata yarinya, Ummu Khalid, wadda aka haifa a Habasha, ya sa mata da hannunsa, ya yi mata addu'ar ta sa har ta tsufar da ita, yana nuna adon yana cewa "sanah", wato kyakkyawa da harshen Habasha. Wannan addu'a nake yi wa jikanki.

Daga wani tela a Kusiri: Ina tsallaka gada zuwa Njamena sayen gwanjo. A cikin dila nakan tsinci fakitin kayan surfani na Turawa, wasu ba a taɓa buɗewa ba, da zare da allura da ƙyalle mai hoto. Na tara sun kai ashirin. Suna da daraja? In buɗe ko in bar su a rufe? Wasu kuma hotunan kyanwa ne da karnuka.

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Gaskiya ita ce yawancin waɗannan fakiti an buga su da yawa ƙwarai don matan gida su yi aikin hannu da yamma, saboda haka ba dukiya ba ce da za ka jingina da ita. Akwai masu tara su a Turai da Amurka, kuma abin da suke dubawa shi ne fakitin ya cika, takardar bayani tana ciki, hoton murfin bai koɗe ba. Idan niyyarka sayarwa ce, ka bar na rufe a rufe, sai dai ka duba ta cikin ledar ko allura ta fara tsatsa, ko akwai ɗan gari kamar yashi a ƙasan fakitin. Wannan garin alamar asu ce, kuma tsutsar asu ulu take ci, don haka fakiti ɗaya mai ita zai iya lalata sauran. Ka ware shi nan take. Idan kuma niyyarka koyo ce, ka buɗe, domin takardar bayanin da ke ciki malami ce mai kyau wajen ƙirga ɗinkin gicciye da haɗa launi. Maganar hotunan masu rai, ka kai ta ga malaminka. Abin da ni nake yi shi ne in ɗauki zaren da furannin gefe in yi aiki da su a rigunan 'yan mata, in bar tsakiyar.

Amma tun da Allah ya ba ka son tara tsofaffin abubuwa, ina so in ja hankalinka ga abin da yake ɓacewa a ƙofar gidanmu, wanda babu wani kamfani da zai sake bugawa. Aikin babbar riga yana da zanensa da sunayensa, aska biyu, aska takwas, tambari, gidan biyar, dagi, kuma a da malamai da almajirai ne suke zana shi da alƙalami da tawada a jikin yadi, su zauna a zaure su cike da allura, riga ɗaya ta ci watanni. Zaren da ake alfahari da shi shi ne tsamiya, silikin da wata tsutsa ke saƙawa a bishiyar tsamiya, a dafa gidan nata da ruwan toka, a kaɗa shi da mazari, ya fito da launi tsakanin fari da ruwan ƙasa. Akwai kuma alharini, jan silikin da fatake ke kawowa ta hamada daga wajen Tarabulus. A yankinku na bakin kogunan Logon da Shari, siraran ƙwaryoyin saƙa da ake kira gabaga har kuɗi aka yi da su a kasuwa. Keken surfani ya kwashe wannan aiki, kuma tsofaffin da suka iya zanen da hannu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ka nemi wanda ya rage a unguwarku, ka kai masa goro da takarda mai kauri, ka roƙe shi ya zana maka kowane zane da sunansa, ka rubuta sunansa da garinsu a baya. Idan ka ga tsohuwar riga ta yage ana shirin mayar da ita tsumma, ka sayi aljihun da wuyan. Daga irin wannan za ka iya fitar da ƙaramar riga mai aska biyu ta yaro ɗan shekara biyar, wadda za a sa masa ran Sallah a ajiye wa ƙaninsa. Idan za ka sa siliki a rigar namiji, ka tuna an yi rangwame ne a kan abin da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, don haka zaren auduga mai sheƙi ya fi kwanciyar hankali.

Daga wata uwa a Ngaundare: Na ajiye kayan sunan ɗana a leda cikin akwati, na zuba kafur da yawa. Bayan shekara uku na buɗe na tarar wuyan rigar ya yi rawaya. Yanzu ina jiran haihuwa, ina so in sa wa ƙaninsa.

Amsa: 'Yata, zan fara da kafur, domin shi ne ya fi tayar mini da hankali. Fararen ƙwallayen nan da ake sayarwa a kasuwa yawancinsu naftalin ne, kuma yana da haɗari ga jarirai. Akwai wani yanayi na jini da ake gado, likitoci suna kiransa ƙarancin G6PD, ya yawaita a Afirka kuma ya fi bayyana ga 'ya'ya maza, iyaye da yawa ba su san ɗansu yana da shi ba. Jariri mai wannan yanayi idan ya shaƙi naftalin ko ya taɓa fatarsa, jajayen ƙwayoyin jininsa suna iya fashewa, ciwon shawara mai tsanani ya kama shi. Ki fitar da kayan nan tun yau, ki shanya su a inuwa inda iska ke kaɗawa na kwanaki, ki wanke su fiye da sau ɗaya. Muddin hancinki yana jin warin, kada su taɓa jikin jariri, ko da za a yi suna da wata rigar. Idan kuma kin ga idon jariri ko fatarsa sun yi rawaya, asibiti za ki nufa a ranar.

Rawayar wuyan rigar kuwa nono ne da tumbuɗi da mai, waɗanda ba a gani lokacin ajiya, sai sun daɗe su fito. Ki jiƙa ta a ruwan ɗumi da farin sabulu marar turare, ki bar ta ta kwana, ki matsa da tafin hannu ba tare da cuɗawa ba, ki maimaita idan da bukata. Ranar safiya tana taimaka wa farar auduga, amma ba ta awa da yawa ba idan akwai aikin launi.

Leda ma ba abokiyar ajiya ba ce, balle a Ngaundare da take kan tudu, inda ruwan sama ke kai wata bakwai yana zuba. Ni kaina na yi wannan asarar. Rigar da na yi wa 'yata ta biyu, mai furanni shuɗɗa a ƙirji, na ɗaure ta a leda a ƙarshen damina ba ta gama shan iska ba, da na buɗe bayan shekara na tarar da ɗigo-ɗigon fumfuna baƙaƙe tun daga kafaɗa har kalmasa, kuma babu wankin da ya fitar da su. Har yau tana nan a wurina, ba ta sawuwa. Tufar ajiya a wanke ta, a ɗauraye har ruwan ya fito garau, ta bushe ƙayau. Kada a sa sitaci, domin abincin ƙwari ne. Kada a shafa humra ko a turara ta, domin man turare da hayaƙi suna barin tabo, a bar wannan sai ranar sawa. A naɗe ta cikin tsohon farin zanen gado da ya sha wanki, yadda ba za ta taɓa ƙarfen akwati ko katako ba, a ɗora akwatin a kan wani abu nesa da bango saboda gara. Busasshen ganyen darbejiya ko kanumfari a ɗaure cikin ɗan ƙyalle a kusurwa yana taimakawa wajen korar ƙwari. Sau ɗaya a shekara, da hunturu, a fitar da ita ta sha iska, a sāke wurin ninkin.

Daga wata matar aure a Njamena: A gidan mijina akwai ƙaramar rigar saƙi da aka ɗinka wa mahaifinsa ranar saukar karatunsa. Surukata tana so ɗana ya sa ta ranar tasa saukar, amma na ga ta fara tsagewa a wurin ninki, kuma ina jin nauyin faɗa mata.

Amsa: Allah ya sa albarka a karatun yaron. Ki ɗauki rigar ku fita tsakar gida ke da surukarki, ki ɗaga ta ga hasken rana, ku duba tare. Inda haske ya ratso a layin ninki, ita ma za ta gani da idonta, ba sai kin ce komai ba. Wannan matsala ba a gidanku aka fara ta ba. Gidan sarautar Ingila suna da rigar da aka ɗinka a 1841 don 'yar farin Sarauniya Biktoriya, jarirai 62 suka sa ta, har aka ga ta gaji aka ajiye ta bayan 2004, aka ɗinka wata irinta sak, ita ake sawa tun 2008.

Ku ma ku yi haka. Kada ki wanke tsohuwar, domin tsohon rinin baba yana zuba kuma ruwa zai ƙarasa wuraren da suka yi rauni. Ki shimfiɗa ta a tabarma a kan farin zane, ki auna tsawonta da faɗinta da faɗin kowace ƙwarya, ki ɗora takarda marar kauri a kan aikin wuya da aljihu ki kwafi zanen da fensir ba tare da dannawa ba. Ki kai awon da zanen wurin maɗinki, ita kuwa rigar ta zauna a gida. Ranar saukar yaron ya sa sabuwar, idan kuma kakarsa tana so, a ɗora masa tsohuwar a kafaɗa yana zaune, a ɗauki hoto, a yi addu'a, a cire. Ki roƙi surukarki ta faɗa maki wanda ya ɗinka ta, da garin da aka yi saukar, da sunan malamin, ki rubuta a takarda da fensir, ki naɗe takardar a wani ƙyalle daban ki sa a cikin ƙunshin.